Isufu Mai Takarda da Randunan Matan Tondibiya

Shekara ashirin da tara ke nan da rasuwar Isufu Mai Takarda. Ciwon ƙirji ya kashe shi, ranar wata Laraba da hantsi, a gidan haya kusa da kasuwar Katako. Ni na riƙe kansa. Ya bar mata ɗaya, 'ya ɗaya, turame shida, da ni.

Ban yi lakol ba, wato makarantar boko. Na yi shekara goma sha bakwai ina yin takarda da hannuna, amma abin da aka rubuta a kanta ban iya karantawa. Wannan da kuke karantawa a jarida ni na faɗa, Mariyama 'yar Isufu ta rubuta. Na ce mata kada ta ƙara kome. In kun ga magana ta gajarta, tawa ce.

Sunana Ɗan Jimma, Bagobiri ne ni. Fari na farko ya koro ni Yamai, dab da lokacin da soja suka karɓi mulki. Na baro garinmu da shanu huɗu da mata da goyo. Na iso ni kaɗai. Ba zan yi maganar wannan a nan ba.

A Katako na samu dako, ina sauke katako daga kamiyo, manyan motocin kaya. Nan na fara ganin wani dogon mutum siriri, Badamagare, yana bin rumfunan kafintoci da buhu, yana kwashe ɓarɓashin katako da yagaggun buhunan siminti. Kowa ya ɗauka na hura wuta ne. Wata rana ya tsaya a kaina ina cin garin rogo da ruwa.

Ya ce, "Kai, ka iya daka?"

Na ce, "Daka aikin mata ne."

Ya ce, "Cikinka ya san haka?"

Na tashi na bi shi.

Wurin aikinsa a Tondibiya yake, bakin kogin Isa, rumfar zana ce da fili. Ya daɗe a kurmi, can ƙasashen kudu, yana aiki a masana'antar yadi, daga baya ya zauna da wasu masu yin takarda, can ya koyo. Ga yadda muke yi. Mu jiƙa ɓarɓashin katako da buhun siminti da tsumman auduga. Mu dafa su da kanwa a rabin tano, wato gangar ƙarfe, wuni guda. Mu daka a turmi har su zama kamar kunu mai kauri. Wannan kunun kalar ƙasa ne, ba mai rubutu a kansa sai an faranta shi, wato an mai da shi fari. Bayan an faranta a ɗauraye, a tsoma rariya mai kusurwa huɗu a ɗebo shi siriri, a kife a kan bargo, a danne da dutse, a manna a bango ya bushe. Malaman da ke rubuta Alƙur'ani da hannu suna saye. Mushen lakol na ƙauye, malaman boko, suna saye. Wadda ta lalace mahauta su naɗe nama da ita.

Da jabel muke farantawa, ruwan nan mai warin asibiti da mata ke wanke farin kaya da shi, amma namu mai ƙarfi ne, a bido, wato jarka, ake kawo mana. Yana aiki da sauri. In ka zuba da safe, kafin la'asar kunu ya yi fari sol. Sai dai yana cin ido, yana cin ƙirji. Isufu ne ke tsayawa a kan tano yana motsawa, bai taɓa bari na yi ba. Yakan ce, "Kai naka ƙirjin ya riga ya sha abin da ya ishe shi." Nawa aikin shi ne ɗauraya. Sau uku ake ɗauraye kunun jabel da ruwa mai yawa, in ba haka ba takarda ta yi ta ruɓewa a hannun mai ita. Ruwan ɗaurayar in ɗauka a bokiti, in taka taku talatin zuwa wani dutse a bakin kogi, in watsa. Kogi ya tafi da shi. Haka na yi shekara goma. Ban taɓa duba inda yake zuwa ba.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce Bazabarma, Gambi, mai lambun salati da alayyafo, tana kai wa kasuwar Pati Marshe. Zabarmawa da Gobirawa abokan wasa ne, don haka tun ranar da ta ga zanen fuskata ban sake samun hutu ba. Kullum da safe sai ta ɗaga murya da Hausarta ta kasuwa: "Bagobiri, bawan ubana, ka zo ka ɗaukar min kwando!" In ce mata, "Inna, bawa ba ya aiki sai an ciyar da shi." Ta jefo min tumatir ɗaya, wanda ya fi kowane ruɓewa.

Sai fari na biyu ya zo. Waɗanda suka gani sun sani. Kogin Isa ya janye har mutum na tsallaka shi da ƙafa, wando naɗe. Reshen da ke bi ta gabanmu ya yanke daga uwar kogi, ya zama gurbi ɗaya tsayayye, tsawonsa bai fi jifa biyu ba. A wannan gurbin mutanen unguwarmu ke sha. Da shi Gambi ke ban-ruwa. Mutanen arewa da yunwa ta koro suka kafa bukkoki a tudu da ragowar dabbobinsu, su ma nan suke ɗiba. Mata sun tona ƙananan rijiyoyi a yashin gefensa don ruwa ya tace.

A lokacin ne wani lajidan na soja ya aiko a kira Isufu. Shi aka ɗora wa rabon hatsin agaji a sansanin waɗannan mutane, kuma yana son katin rabo, kowane gida da nasa. Takarda ta yi wuya a gari. Aka ce masa akwai wani a Tondibiya da ke yin ta. Ya ba mu aiki mai yawa, irin wanda ba mu taɓa samu ba.

Muka dafa tano uku a tashi ɗaya, muka zuba jabel, na ɗauraye. Na ɗauki bokiti, na taka taku talatin, na watsa. Na koma, na ɗauko, na watsa. Wuni guda ina yi. Idona na ganin ruwan ba ya tafiya, amma hannuna ya saba, kaina bai tsaya ya yi tunani ba. Laifin nan nawa ne. Na faɗa yau a jarida don a sani.

Washegari da safe kifi ya taso, ciki sama, fari fat a gefen ruwa. Warin jabel har tudu. Awaki suka sunkuya suka ɗago ba su sha ba. Salatin da Gambi ta ba ruwa da yamma ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Kwana huɗu mata na tafiya har uwar kogi da tulu a ka, tafiyar da ƙoshi ma ba ya so, balle yunwa.

Gambi ta zo rumfarmu da kifi ɗaya a hannu. Ba ta kira ni bawan ubanta ba. Wannan ya fi min zagi zafi. Ta ajiye kifin a gaban Isufu.

Ta ce, "Mai Takarda, wannan shi ne ladan maƙwabtaka?"

Na buɗe baki zan ce ni ne. Isufu ya ɗaga min hannu. Ya ce, "Inna, ni na yi. Rumfata ce, jabel ɗina ne."

Ta ce, "To takardar za mu sha?"

Ya ce, "Ba za a sake ba."

Ta ce, "Duk mai laifi haka yake cewa." Ta tafi ta bar kifin.

Da ta tafi na ce masa mu tona rami a bayan rumfa mu riƙa zubawa. Ya ce yashi ne, zai bi ta ƙasa ya fito a rijiyoyin mata. Na ce mu kai shi nesa a amalanke. Ya ce ko mun kai, ruwan ɗauraya sau uku daga ina za mu ɗiba in ba daga bakin waɗannan mutane ba? Ya zauna a kan turmi. Sannan ya ce, "Ɗan Jimma, mun gama da jabel."

Kashi ɗaya cikin uku na aikin kawai muka yi. Muka je wurin lajidan. Gajere ne, mai jan ido don rashin barci, kuma ba mugu ba ne. Isufu ya roƙe shi ya karɓi sauran ba a faranta ba. Lajidan ya ɗauko wata da muka kawo mai kalar ƙasa, ya buga hatiminsa a kai, ya tura wa Isufu.

Ya ce, "Kana ganin wani abu?"

Isufu ya ce, "Da ƙyar, ranka ya daɗe."

Ya ce, "In hatimina bai fita ba, kowa ya zana nasa, hatsin gida goma ya tafi gidan mutum ɗaya. Kana jin tausayin kifi, ni ina da mutanen da ke mutuwa a layi. Fara nake so. Kwana bakwai. In ba ka kawo ba, ka zo da tabarmarka."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya sa maganar ta yi nauyi ke nan. Mutanen da ke jiran katin su ne masu shan gurbin. Isufu ya ce a hanya, "Za su ci, za su kuma sha. Ba za mu sa su zaɓi ɗaya ba."

A masana'antar yadin da ya yi aiki a kurmi, ba da jabel kaɗai ake faranta ƙyalle ba. Akwai ruwan oksijane, wanda likita ke zuba wa miki ya yi kumfa. Isufu ya ce in aka haɗa shi da ɗan kanwa da ɗumi yana faranta zare, in ya gama aikinsa kuma sai ya koma ruwa da iska, ba ya barin dafi, kuma ɗauraya ɗaya ta ishe shi. Na kantin magani ba shi da ƙarfi. Muka zaga Katako har muka samu wani ɗan kasuwa Bamaraɗe da ke kawo mai ƙarfin daga kurmi don masu gyaran gashi. Bido biyu ya rage masa. Muka ɗauke duka. Babu wani a Yamai, mun tambaya.

Ranar farko muka zuba a tanon ƙarfe, inda muka saba zuba jabel. Ya taso da kumfa har ya zubo, yana huci. Na yi murna, na ce yana aiki. Cikin ɗan lokaci kumfa ta kwanta. Kunu yana nan da kalarsa. Washegari Isufu ya rage kanwa, muka sake. Haka. Rana ta uku ya ƙara wuta. Haka. Bido ɗaya ya ƙare, ba mu samu ko falle ɗaya ba. Isufu ya daina cin abinci. Yana zagaya tano yana magana shi kaɗai: "A can yana yi. Me ya hana shi a nan?"

Ni tun farin farko ba na zubar da kome. Ko ɓawon albasa sai na adana. A rana ta uku, da muka haɗa kunu da oksijane a bokitin roba kafin mu juye a tano, ɗan kaɗan ya rage a gindin bokiti. Ban yarda in wanke shi ya tafi a banza ba. Na kwashe a kwanon da nake cin abinci, farin kwano mai fenti, na rufe da faifai, na ajiye a rana, na manta. Rana ta huɗu da azahar yunwa ta tuna min da kwanona. Na ɗaga faifai. Kunun ya yi haske, kalar nonon da ba a cire wa mai ba.

Na kai wa Isufu. Ya duba kwano, ya duba tano. Ya sa yatsa ya shafo cikin tano, yatsan ya fito ja da tsatsa. Ya daɗe yana kallon yatsan.

Ya ce, "Tsatsa ce ke cinye shi kafin ya taɓa kunu. A can kurmi tukwanensu ba sa tsatsa, shi ya sa ban taɓa lura ba." Sannan ya yi dariya, karo na farko cikin mako. Ya ce, "Rowar Bagobiri ta yi rana."

Sai dai kwano ɗaya ba zai yi aikin tano shida ba. Muna buƙatar mazubi da yawa da ba na ƙarfe ba, kuma a ranar. Abin da ke akwai a Tondibiya shi ne randunan mata, rabinsu ba kome a ciki saboda fari. Randar da ake shan ruwa. Mu da muka ɓata musu gurbi mako guda da ya wuce.

Isufu ya je lambun Gambi, ni ina bayansa. Ya yi mata bayani. Ta saurara tana tsugune, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ka kashe min salati, yanzu randata kake so. Gobe sai zanen da na ɗaura."

Ya ce, "Wannan ba irin wancan ba ne, Inna. In ya kwana ya sha rana, ruwan kanwa ne kawai."

Ta ce, "Ina ruwan?"

Na kawo ruwan da muka tace daga kwanona. Ta miƙe ta dubi Isufu ido cikin ido.

Ta ce, "Sha."

Ya yi bisimilla ya kurɓa sau biyu. Ya yamutsa fuska, ya ce, "Ba fura ba ce, amma ba ya kisa." Ta karɓi sauran ta zuba a gindin alayyafo uku, ta kafa tsinke a wurin. Ta ce mu dawo gobe. Muka rasa wuni guda a kan wannan, kuma Isufu bai yi gardama ba.

Washegari alayyafo na tsaye, Isufu ma na tsaye. Kafin hantsi sai ga mata a jere da randuna a ka, Gambi a gaba. Na ƙirga talatin da huɗu. Ta sauke tata a gabana ta ce, "Bagobiri, bawan ubana, in ka fasa min ita sai na sayar da kai a Pati Marshe, kuma ba za ka yi kuɗin tumatir ba." Da na ji haka na san an yafe min.

Amma oksijane ba jabel ba ne. A randa, da zafin rana kaɗai, sai ya kwana biyu kafin kunu ya yi haske. Ranar bakwai ta zo, takarda tana cikin randuna. Da hantsi motar soja ta tsaya a bakin rumfa. Ba su daki kowa ba. Isufu ya naɗe tabarmarsa da kansa. Kafin ya hau ya jawo ni gefe, ya nuna min kusurwar rumfa da haɓa. Bidon jabel huɗu na nan, cike.

Ya ce, "Ka ƙarasa. Kada ka taɓa wancan. Ko an ce maka na mutu."

Da azahar matarsa Hajara ta iso daga gari da ƙafa, Mariyama a bayanta. Ta riga ta san lissafin, ta zauna da mai takarda shekaru. Da jabel zan gama cikin kwana biyu. Da randuna sai shida ko bakwai. Kuma ta san ƙirjin mijinta, ta san yadda gidan kaso yake a lokacin zafi.

Ta ce, "Ɗan Jimma, ga jabel can. Ka zuba ka fito min da shi."

Na ce, "Uwar gida, ya ce kada in taɓa."

Ta ce, "Shi ya tsince ka a Katako kana cin gari da ruwa. Yau kifi ya fi shi a wurinka?"

Na ce, "Ba kifi ba ne. Mutane ke sha."

Ta ce, "Shi ba mutum ba ne?"

Har yau tambayar nan tana bi na. Bayan ta tafi na tsaya a gaban bidon nan, na kwance murfin ɗaya, warin ya bugi hancina. Na san in suka kwana a rumfar zan zuba. Ni na san kaina. Na ɗaure murfin, na nemo amalanke, na loda su huɗun, na tura har Katako na mayar wa mai su. Da na dawo babu sauran abin da zan yi tunani a kai sai aiki.

Kwana shida muka yi. Matan Tondibiya suka karɓi daka, suna yi min dariya wai namiji ya shekara goma a turmi bai iya riƙe taɓarya ba. Ni ina kan rariya daga asuba har ido ya daina gani. Bangon rumfa bai isa ba, muka manna takarda a bangon gidajen mutane, unguwa ta yi kamar an yi mata farar ƙasa. Ruwan ɗauraya kuwa a lambun Gambi ya ƙare, bayan ya kwana ya sha rana an sirka shi. Ko ɗigo bai shiga gurbi ba.

Na kai wa lajidan takardar a ka. Ya zaro falle ɗaya ya ɗaga a rana.

Ya ce, "Wannan ba fara ba ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, buga ka gani."

Ya buga. Hatimi ya fito shuɗi, kowane layi a fili. Ya buga a ta biyu, ya buga a ta uku. Ya dube ni ya ce, "Kun sa mutanena sun yi mako ana raba musu hatsi da ƙirgen kai, kullum da faɗa." Na ce haka ne. Ya ce, "Maigidanka taurin kai gare shi." Na ce haka ne. Ya aika a fito da shi.

Isufu ya fito an aske masa kai, yana tari irin wanda ban taɓa ji daga gare shi ba. Bai gaishe ni ba. Ya kama hannuwana biyu ya kai hancinsa ya shinshina. Sannan ya ce, "To. Mu je gida."

Hajara ta shekara ba ta amsa gaisuwata ba. Ban ga laifinta ba. Tarin nan bai sake shi ba har ya tafi da shi. Likita ya ce shekarun da ya yi a kan tanon jabel ne. Hajara ta ce kwanakin kaso ne. Ina jin dukansu biyu sun faɗi gaskiya, kuma cikin kwanakin nan akwai huɗu da ni na ƙara masa. Ina ɗauke da wannan. In aka maido ni ranar, amalanken zan sake nemowa.

Ba mu koma wa jabel ba ko da ruwa ya dawo kogi ya cika. Shekara bakwai muka ƙara da randuna, muka sayi namu. Wasu masu saye sun gudu don takardarmu ba ta kai ta kanti fari ba. Malamai suka tsaya, sun ce ba ta kashe ido.

Mariyama yanzu tana koyar da ilimin sinadarai a babbar makaranta. Ita ta gaya min cewa manyan masana'antun takarda na ƙasashen waje, waɗanda ke cinye daji guda su fitar da takarda kamar kogi, su ma sun daɗe suna faranta kunun katako da dangin jabel suna zuba dafinsa a ruwa, har mutanensu suka tashi musu. Yanzu da yawa sun rage, wasu sun bari gaba ɗaya, sun koma ga iskar oksijin da wannan oksijane ɗin namu. Ta ce kafin su zuba shi sai sun fara cire ƙarfen da ke cikin kunun, don kada ya cinye shi. Na sa ta maimaita wannan. Ban ce Isufu ya koya musu ba, ba su san da shi ba, kuma shi ma a wurin wasu ya gani. Abin da na ce shi ne, su da injuna da masu ilimi sai da aka tilasta musu. Shi ba wanda ya tilasta masa. Tsohuwa ɗaya ta ajiye masa kifi a gaba, ya bari.

Da zai dawo yau ya ji wannan labari, ba na jin zai yi wata doguwar murna. Zai ce, "Sun daɗe." Daga nan zai nemi a kai shi bakin kogi. Can ne nake jin tsoro. Zai ga leda a kowane reshe, zai ga magudanar gari na zuba baƙin ruwa, zai ga masu rini da masu wankin mota suna yin abin da na yi shekara goma, suna watsawa suna juya baya. Ba zai yi musu wa'azi ba, bai iya ba. Zai tsuguna kusa da ɗayansu ya tambaye shi wa ke sha a ƙasa da nan.

Rumfar ta tafi. Takardar waje ta yi arha tun kafin ya rasu, ni kaɗai kuma ban iya riƙe ta ba. Turamen na rabar. Katin rabo ba wanda ya adana, wa zai adana shaidar yunwa? Abin da ya rage kaɗan ne. Akwai wani tsohon malami da ya nuna min izu biyu da ya rubuta a kan takardarmu. Na lokacin jabel ya yi ja, gefensa na karyewa in ka taɓa. Na lokacin randa yana nan lafiya. Akwai Mariyama, da ke sa ɗalibanta su faɗi inda za su zuba ruwan gwaji kafin ta bar su su fara. Akwai kuma mutane a Tondibiya da suka girma, suka yi 'ya'ya, ba su san cewa akwai makon da ruwan shansu ya rataya a kan taurin kan wani Badamagare ba.

Manyansu sun sani. Ranar da ya rasu mun riga mun aika a tona kabari a maƙabartar gari. Kafin a gama wanka sai ga mota daga Tondibiya da dattawa biyar, biyu cikinsu 'ya'yan Gambi, ita ta riga shi da shekara biyu. Babbansu ya ce da Hajara, "Baƙo ne a Yamai, amma a wurinmu ba baƙo ba ne. Ki ba mu shi." Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Ɗan Jimma, me ka gani?" Na ce a ba su.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yafe min. Yana Tondibiya, a maƙabartar Zabarmawa, layi na ƙarshe ta wajen kogi.